Matakala Uku

A unguwar Poblenou ta Barcelona, inda tsofaffin masaƙu suka zama cibiyoyin fasaha, na ga wata tsohuwa a keken guragu tana tsallaka titi ita kaɗai, hankalinta kwance. Tun 2016 aka taƙaita zirga-zirgar motoci a wurin domin masu tafiya a ƙasa. Nan take na tuna mahaifina, wanda buɗaɗɗiyar kwata da matakala uku suka raba shi da masallacin unguwarmu tun da ɓarin jikinsa ya shanye. Dokar kare naƙasassu da aka sanya wa hannu a 2019 ba ta iso layinmu ba. Ni kaina, da duk karatuna, matakala na yi a ƙofar gidana. Mako mai zuwa magini zai fasa ta.