Kwana uku a Ankara ta ƙasar Gana

Idan wurin aikinki ya tura ki Ankara na kwana biyu ko uku, 'yar'uwa, kada ki ce ai zuwa kawai za ki yi ki dawo. In da hali, ki ja maigida ku tafi tare. Ba Ankarar Turkiyya nake nufi ba, babban birnin Gana nake nufi, wanda ake rubutawa Accra, kakanninmu fataken goro kuwa da Ankara suka san shi tun ana zuwa Gwanja da jakuna. Ni ƙungiyarmu ta mata masu man kaɗanya ce ta tura ni in gana da wani kamfani a Tema da ke sayen man yana tacewa yana fitarwa waje. Mata arba'in da 'yan kai ne suka zuba ido su ji da me zan dawo, wasunsu da kuɗin man nan suke biyan kuɗin makarantar yara. Ga kuma ni da Baban Hanif, shekara goma sha ɗaya da aure ba mu taɓa kwana a wani gari mu biyu kaɗai ba, in ba biki ko gaisuwar mutuwa ba. Sai muka kai yara gidan Hajiya muka kama hanya ran Laraba.

Shirin bai da wuya. Da fasfon Najeriya ko na Nijar ba kya buƙatar biza, tunda duk yankin Afirka ta Yamma ne, amma ki sake duba dokar da ke ci kafin ki sayi tikiti, musamman in daga Nijar za ki tashi, don al'amura sun sassauya a 'yan shekarun nan. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai launin rawaya ɗin nan, ki sa shi cikin fasfo, ana tambayarsa. Mu ta Legas muka bi, daga can kuma kamar awa guda ne a sama. Agogon Gana yana bayan namu da awa ɗaya, saboda haka kusan lokacin da kika tashi shi za ki sauka. Ki riƙe wannan maganar ta agogo, za mu dawo kanta.

Kuskuren farko ni na yi shi, tun muna gida. Na ga hoton wani otal a intanet wajen Labadi, taga na kallon teku, ga itatuwan kwakwa, na ce nan za mu sauka. Baban Hanif ya ce, "Maman Hanif, aiki za ki ko kallon ruwa? Ki nemi wanda ke kusa da inda za ki." Na ce ai a taswira Tema ɗin ga ta nan, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya ta bakin teku. Ya yi shiru, irin shirun nan nasu.

Otal ɗin ba laifi, tekun ma yana nan kamar yadda aka nuna. Abin da hoto bai nuna ba shi ne kiɗan da ke tashi daga bakin ruwa har tsakar dare. Ban yi barcin kirki ba, ina ta juyi ina tuna lissafin da zan yi wa mutane bayani da safe. Ƙarfe tara aka ba ni. Muka yi asuba, na kintsa, maigida ya dubi agogon hannunsa ya ce bakwai da rabi ta yi, mu fita. Muka kira mota ta manhajar Bolt, muka kama hanyar Teshie da Nungua, sai muka faɗa cikin cunkoson da ban taɓa zaton akwai irinsa a wajen Legas ba. Motocin haya da suke kira turoturo suna tsayawa inda suka ga dama, ga aikin titi, ga masu talla da kaya a ka suna ratsawa. Na dubi agogonsa na ga tara da rabi ta gota muna kan hanya, hawaye suka cika mini ido. Direban ne ya lura, ya nuna mini agogon motarsa. Ashe Baban Hanif bai mayar da nasa baya ba, tun shida da rabi muka bar otal. Awar da muka yi kuskurenta ita ta cece mu, muka shiga ƙofar kamfanin saura 'yan mintoci. Har yau yana cewa da gangan ya yi. Ban yarda ba.

To ke kada ki dogara da irin wannan sa'ar. Daren da za ki wayi gari da aiki, ki kwana kusa da aikin. In Tema ce, ki nemi masauki a Tema ɗin ko Sakumono. In ofisoshin gwamnati ne ko manyan kamfanonin tsakiyar gari, Ridge da Adabraka da Asylum Down duk kusa ne. Kafin ki biya ki tambayi abu uku: shin kuɗin da suka faɗa ya haɗa da haraji, don sukan ɗora shi daga baya, akwai janareta in an ɗauke wuta, sannan me ke maƙwabtaka da ɗakin, gidan rawa ne ko majami'a mai kwanan addu'a da lasifika. Ki sa ƙaramar buta da darduma cikin jaka, ba kowane otal ke da su ba. Alƙibla gabas ce mai ɗan karkata arewa. Kan caza kuwa iri ɗaya ne da namu, ba sai kin sayi wani abu ba.

A wurin ganawar na koyi abu biyu. Na farko gaisuwa: in mutane suna jere, daga na hannun damarki ake farawa a bi zuwa hagu, ba a tsallake kowa a je wa babba, kuma ba a miƙa takarda ko kuɗi da hagu, wannan kam kamar a gida. Na biyu shi ne ba daɗin baki suke saye ba. Samfuri uku na kai. Suka buɗe, suka shinshina, suka murza a bayan hannu, suka aika ɗakin gwaji a duba damshi da tsami da datti. Biyu suka wuce. Na ukun suka ce yana warin hayaƙi, alamar an busar da ƙwallon a kan wuta maimakon a dafa a shanya a rana. Na san ko na wane ƙauye ne, na kuma san matan, raina ya sosu. Amma gaskiya suka faɗa. Ba su sa hannu a kan komai ba ranar, sun dai ce mu turo kaya kaɗan na gwaji daga irin biyun nan, in ya zo daidai da samfurin sai a yi maganar shekara. Na fito na kira shugabarmu na faɗa mata yadda aka yi, har da na hayaƙin. Ta ce alhamdu lillahi, a gyara.

Da muka dawo muka kwashe kayanmu muka koma wani ƙaramin masauki wajen Kanda, ba teku ba kwakwa, amma ana jin kiran salla. Daga nan tafiyar ta zama tamu.

Kanda tana jikin Nima, Nima kuma tana jikin Mamobi, kuma in kika shiga nan sai ki rasa a wace ƙasa kike. Hausa ake yi a kasuwa, da ita ake ciniki, da ita ake faɗa. Ba duk masu yin ta ne Hausawa ba, akwai Zabarmawa da Mosawa da Dagomba da Fulani da Kotokoli, Hausar ce ta haɗa su. Sai dai tasu ba ruwanta da mace ko namiji. Matar da muka fara tsayawa wurinta ta dube ni ta ce, "Hajiya, ka zo daga Nijeriya? Me za ka ci?" Na waiga ina neman wanda take yi wa magana. Baban Hanif ya yi ta dariya, har muka dawo gida yana ce mini "Hajiya ka gaji?"

Abin da take sayarwa shi ne abin da duk Gana ke kira waace, wato shinkafa da wakenmu ce ta je can ta yi arziki. Ana dafa ta da karan dafi, shi ya sa take fitowa ja-ja. Sannan a jera mata rakiya: taliya, garin rogo da aka murza da mai, dafaffen ƙwai, ganda mai laushi, soyayyen kifi ko nama, miyar tumatir da ta soyu har ta yi duhu, sai kuma shito. Shito yaji ne baƙi da ake soyawa da mai da busasshen kifi da jatan lande har ya kusa ƙonewa, kaɗan ake ɗiba. In kin ce a zuba miki a ganye maimakon roba, ƙamshin ganyen na shiga ciki, kuma mai sayarwar za ta san kin san abin. Da safe ake cin ta zuwa hantsi, wurin masu suna kuwa layi ake yi, ma'aikatan banki da laƙataye suna bayan 'yan makaranta. Kafin azahar tukunya ta ƙare.

Haka za ki yi ta cin karo da kayan gidanku da wani suna. Kokon gero mai citta da kanumfari da barkono, Hausa koko suke ce masa, da ƙosai a gefe. Tsire ya koma cicinga, zoɓo ya zama sobolo. Tuwon zafi kuwa har a allon manyan gidajen abinci yana nan, sai dai nasu ya fi namu taushi, kusan a sha, ana haɗa masarar da garin rogo, a zuba miyar ayoyo mai yauƙi da jar miya a kai. Na ci na ƙoshi, amma zan faɗi gaskiya ko mutanen Nima za su ji haushi: tuwon da ba a yanka loma a ji shi a hannu ba, ni da saura a wurina.

A wajen zango ne za ki ɗan yi hattara. Ana cin naman alade sosai a Ankara, ana gasa shi a bakin titi, wasu kuma sukan sa ƙafarsa a miya don ɗanɗano ba tare da an rubuta ba. A karin kumallon otal ma ki tambayi naman da ke cikin tire. Tambaya ba ta ɓata musu rai, sun saba zama da Musulmi. Hanya mafi sauƙi ita ce kifi. Daren Alhamis muka je Osu muka ci gasasshen karfasa da banku, tuwo ne mai tsami na masara da rogo, da ɗanyen barkono da albasa da aka niƙa a kasko. Muka zauna mu biyu, ba mai cewa Mama ruwa, ba mai zubar da miya. Minti goma na farko ba mu san ma me za mu ce wa juna ba, sai hirar yara. Daga baya ya ba ni labarin wani bashi da ya dame shi wata huɗu bai faɗa mini ba, ni ma na faɗi nawa. Kifin ya huce kafin mu gama.

Juma'a muka yi ta a babban masallacin ƙasa da ke Kanda, wanda aka buɗe a 2021. Turkawa ne suka gina shi da salon masallatansu, hasumiya huɗu da ƙubbobi, wato dai Ankara ta zo Ankara. Akwai wurin mata mai faɗi, ki je da wuri. Bayan salla wata dattijuwa da ta ji Hausata ta riƙe hannuna ta ce kakanta daga Katsina ya zo, ita ba ta taɓa zuwa ba, ta tambaye ni ko har yanzu Gobarau tana tsaye. Na ce tana nan. Irin waɗannan gidaje suna da yawa. Yaƙin Salaga na 1892 ya watsa fatake da malamai, wasu suka gangaro kudu har bakin teku. Alhassan Ɗantata kansa ya zauna a wannan gari yana fataucin goro, yana ɗora shi a jirgin ruwa zuwa Legas, kafin ya koma Kano. Babban limamin ƙasar, Shehu Usman Nuhu Sharubutu, wanda aka haifa a 1919, ɗan zango ne, kuma har Kiristoci suna girmama shi.

Asabar da safe muka leƙa wurin da aka binne Kwame Nkrumah, wanda ya karɓo wa ƙasar 'yanci a 1957. An gyara wurin a 2023, akwai inuwa da wurin zama. Matarsa Fathia, 'yar Masar, tana kwance kusa da shi, a gefe kuma ga mutum-mutuminsa da aka sare wa kai lokacin juyin mulkin 1966, an ajiye shi haka. Awa ɗaya ta isa. Kasuwar Makola ba nisa daga nan, in kina son atamfa ko ƙyallen kente na tsaraba, amma ki riƙe jakarki a gaba, ki kuma canji kuɗinki zuwa sidi a wurin canji mai rajista tun kafin ki shiga.

Tsarabar da na fi ɗoki ita ce shito. Kwalba uku na saya a Nima, ɗaya tawa, ɗaya ta Hajiya, ɗaya ta shugabarmu. Biyu na naɗe da zani na sa a akwatin da za a auna, ta ukun ba ta samu wuri ba na jefa ta a jakar hannu. A wurin bincike aka ciro ta aka ce mai ne, ba ya shiga jirgi a hannu, kuma da gaskiyarsu. Tawa ce na ce ta tafi. Ke dai ki sa naki duka a akwati, ki ɗaure bakin kowace kwalba da leda biyu, don in ya zube a cikin atamfa ba ya fita.