Tsagar da Ta Riga Zarto

Daga Zurik na shiga jirgin ƙasa zuwa Landquart, can na sauya zuwa ɗan jan jirgin da ke hawan tsaunuka har Davos. Watan Fabrairu ne. Washegari da sassafe jirgin Parsenn, wanda igiyar ƙarfe ke ja, ya kai mu Weissfluhjoch, inda aka soma binciken dusar ƙanƙara tun 1936, aikin da ya haifi cibiyar SLF.

Ni dai fari fat kawai nake gani, kamar an baza gari. Jagoranmu, wani dattijo mai ƙarancin magana, ya ɗauki shebur ya haƙa rami har ƙirjinsa, ya share bangon da hannu. Sai ga dusar hawa-hawa, kowace zuba da nata layin. Ya nuna mini wani siriri da bai kai kaurin yatsa ba. Na ɗebo a tafin hannu. Ƙwayoyi ne wara-wara kamar sukari, ko ka dunƙula ba sa kama juna. Ya ce raɓa ce ta daskare a wani dare mai tsananin sanyi, sabuwar dusa ta zo ta binne ta.

Daga nan ya yanke wani dogon yanki na dusar, faɗinsa santimita 30, ya zura bayan zarto cikin siririn layin yana turawa a hankali. Bai kai rabi ba tsaga ta riga zarton, ta fice har ƙarshe, saman ya zauna da ɗan sauti, fum. Gabana ya faɗi. Inda layin ya rufta, nauyin sama kan sauka a kan na gaba, shi ma ya rufta, haka abin ke bi ta ƙarƙashi, mita gommai cikin daƙiƙa guda. Idan gangaren ya kai digiri 30, sai faifan dusar da ke sama ya saki gaba ɗaya. Shi ya sa mai tafiya a gindin tsauni kan iya zaftaro abin da ke bisa kansa. Abin da ya fi tsaya mini a rai: mafi yawan masu wasan zamiya da dusa ke binnewa, su ko abokan tafiyarsu ne suka tayar da ita.

Ran nan sanarwar haɗarin zaftarewar dusa tana mataki na 3 cikin 5. Dattijon ya duba na'urar nemo mutum da ke ƙirjin kowannenmu, ya daɗe yana kallon gangaren da muka yi niyyar bi, ya girgiza kai. Ta kan doron tsaunin muka zaga, da tazara tsakaninmu, ba mu iso gari ba sai la'asar sakaliya.