Miƙa Hannu, Bari Jirgi Ya Ɗaga Ka

Karatu: Yohanna 21:15-19



Kowace shekara, ranar Litinin ɗin Ista, mukan ce za mu Galili. Galilinmu dai ba ta wuce gindin mangwaron bayan majami'a, da shinkafa da zoɓo da 'yan waƙoƙi. Bana sai matasan ikilisiyoyinmu na Karaye da na Rogo suka ce tunda Galilin Littafi Mai Tsarki bakin ruwa ce, mu ma mu nemi bakin ruwa. Shi ne muka shirya zuwa dam ɗin Challawa.

Yawancinmu da dam ɗin muka buɗe ido. An kammala shi a 1992 a kan kogin Challawa, nan cikin ƙaramar hukumar Karaye, bangonsa ya haura kilomita 7 a tsawo. Kifinsa muke ci, a gefensa wasunmu ke noman rani, amma ranar da muka ƙirga, cikinmu mu ashirin da uku mutum takwas kaɗai suka iya iyo.

Wanda ya jawo maganar allo wani ɗan'uwanmu ne da ya dawo daga bautar ƙasa a Legas. Ya nuna mana bidiyo a waya: mutum tsaye a kan ɗan allo, riƙe da igiya, jirgi mai inji yana jan sa a kan ruwa. Turawa na kiran wasan wekbod. Ya bunƙasa ne a Amurka da Ostareliya a shekarun 1980, kuma allon na ainihi yana da takalman da ke riƙe ƙafa. Ɗan'uwan ya ce sau biyu ya gwada a can. Ba mu da kuɗin allon Turawa, sai wani kafinta a cikinmu ya haɗa mana mai faɗi da katako mara nauyi, ya goge bakinsa, ya manna roba a inda ƙafa za ta taka.

Da labari ya kai kunnen zumuntar mata, sai iyayenmu suka ce ba da su ba. Ba mu ga laifinsu ba. Babu wanda ya manta da ƙarshen Nuwamban 2021, sa'ad da jirgi ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, mutum sama da ashirin suka rasu, galibinsu yara 'yan makarantar Islamiyya. Fasto ya kira mu ya gindaya sharuɗɗa: wanda bai iya iyo ba ba zai taɓa igiya ba, kowa sai da rigar kariya, kuma maganar mai jirgi ita ce ta ƙarshe. Kuɗin da muka tara na nama, rabinsa a hayar riguna ya tafi. Mun yi gunaguni a lokacin. Kafin la'asar mun gode wa Allah da wannan sharaɗi.

Mai jirgin dattijon masunci ne, Musulmi, wanda ya san ruwan tun ana tare shi. Ya juya allonmu, ya ƙwanƙwasa, ya yi dariya, ya ce, “'Ya'yana, na ja taru, na ja jirgin da injinsa ya mutu, amma ban taɓa jan mutum ba.” Ya kai mu inda babu kututturan itatuwan da ruwa ya cinye, gama da bazara ruwa kan ja baya, su kuma su matso kusa da sama. Ya sa ɗansa a wani kwalekwale kusa, don ko ta kwana.

Ɗan'uwanmu na Legas ya tsaya a bakin ruwa ya karanto mana ƙa'idodi. Ka tsuguna a cikin ruwa, gwiwoyi a ƙirji, allo a gabanka. Hannuwa su miƙe sarai, kada ka lanƙwasa su. In inji ya ja, kada ka yi ƙoƙarin tashi, ka bari jirgi ya ɗaga ka. Ido a kan jirgi, ba a kan ƙafa ba. In ka faɗi, saki igiya nan take. Duk muka gyaɗa kai kamar mun gane.

Wanda ya fara shiga shi ne ƙaƙƙarfan cikinmu, wanda yake ɗaga buhun masara shi kaɗai. Inji ya yi ƙara, igiya ta miƙe, sai ya jawo ta ƙirjinsa da iyakar ƙarfinsa don ya miƙe tsaye. Igiya ta yi sako-sako, allo ya zame, ya faɗi ta baya. Ya sake, ya faɗi ta gaba. Sau shida ana abu ɗaya. Muna ta dariya a bakin ruwa, amma da layi ya zo kanmu, kuskurensa muka maimaita ɗaya bayan ɗaya. Kunne ya ji an ce a miƙa hannu, jiki kuwa ya ƙi yarda. Da zarar mutum ya ji ruwa na danna masa ƙirji, abin da zai zo masa shi ne ya ceci kansa.

Baba mai jirgi ya kashe inji, ya ce, “Samari, kuna kokawa da abin da aka ɗauko don ya taimake ku. Ƙarfin yana nan wurina. Naku riƙo ne da haƙuri.”

Wanda ya fara tsayawa shi ne autanmu, ɗan siririn yaro da ke buga ganga a ƙungiyar mawaƙa. Ba shi da ƙarfin da zai dogara da shi, don haka ya yi abin da aka ce kawai. Ya tsuguna, ya miƙa hannu, ya jira. Muna kallo ruwa ya tura allon sama, shi kuma ya tashi a hankali kamar mai tashi daga tabarma. Bai kai minti ɗaya ba ya faɗi, amma ihun da muka yi sai da masu wanki a can gefe suka ɗago kai.

Daga nan ne ranar ta kusa ɓaci. Ƙaƙƙarfan namu ya ji kunya, ya ce a ba shi dama ta bakwai. Ya ɗan tashi, ya kife, ya ƙi sakin igiya. Jirgi ya ja shi kansa a cikin ruwa. Muna ihu “Saki! Saki!” amma ba ya ji. Kafin Baba ya waiwaya ya kashe inji, ya sha ruwa sosai. Rigar ce ta taso da shi, ɗan Baba ya jawo shi cikin kwalekwale. Muka kwantar da shi ta gefe a kan yashi yana tari yana amai. Ba wanda ya ƙara dariya. Wasu 'yan'uwa mata suna kuka suna addu'a. Mu da muka yi ta zuga shi muka rasa inda za mu sa ido, gama da wane baki za mu gaya wa mahaifiyarsa?

Da ya dawo hayyacinsa, Baba ya tsuguna kusa da shi ya ce, “Yaro, me ya hana ka saki?” Ya ce ya ji tsoro in ya saki, jirgi zai tafi ya bar shi. Baba ya ce, “Ina za ni in bar ka? Ai duk wanda ya faɗi, kewayowa nake in ɗauke shi.”

Muka naɗe igiya, muka zauna a inuwa, shugaban zumunta ya buɗe Yohanna sura 21. Mun sha karanta wurin, amma ran nan ya shige mu dabam. Bitrus mutum ne mai ji da ƙarfinsa. Shi ya yi alkawarin ba zai taɓa barin Ubangiji ba, shi ya zare takobi a lambu, shi ne kuma ya yi musun saninsa har sau uku. Bayan tashin Yesu daga matattu, sai ga shi ya koma jirgi da taru, suka kwana ba su kama kome ba. Yesu bai aika a kira shi don a yi masa shari'a ba. Da kansa ya zo bakin tekun, ya tanadi gurasa da kifi a kan garwashi, ya tambaye shi zancen ƙauna sau uku, ya sake danƙa masa kiwon tumakinsa. Sa'an nan ya gaya masa cewa a ƙuruciyarsa shi ke shirya kansa ya tafi inda ya ga dama, amma kwana na zuwa da zai miƙa hannuwansa wani ya kai shi inda bai zaɓa ba. Aya ta 19 ta bayyana cewa irin mutuwar da zai ɗaukaka Allah da ita ake nufi, don haka maganar ta fi wasanmu nauyi nesa ba kusa ba. Duk da haka mun ga hoton: mutumin da ya saba jawo kome ƙirjinsa, ƙarshen tafiyarsa miƙa hannu ne.

'Yan'uwa, mu gaya wa kanmu gaskiya. A cikinmu akwai wanda ya zana jarrabawar shiga jami'a sau uku. Akwai mai takardar digiri da ke acaba. Akwai wanda tsadar taki ta sa ya rage gona, da wadda ake tambayar ta zancen aure kowace Lahadi. Idan ruwa ya danna ƙirji haka, mukan jawo igiya. Wani ya faɗa cacar waya don ya tashi dare ɗaya. Wani ya fara tunanin ɓoye sunansa na baftisma ko zai sami gurbi. Wata ta amince da wanda ta san ba hanyarsu ɗaya ba, don kawai a daina magana. Duk ƙoƙarin tashi ne kafin lokaci, kuma mun ga yadda yake ƙarewa.

Kada wani ya ɗauka muna wa'azin zaman banza. Autanmu bai yi barci a cikin ruwa ba. Ya riƙe, ya durƙusa, ya kafa ido a inda ya kamata. Mu ma aikinmu yana nan: mu sake karatu, mu koyi sana'a, mu yi noma, mu zo sujada, mu riƙe Maganar Allah ko da ba mu ji daɗi ba. Abin da ba namu ba shi ne ɗagawa da lokacinta.

Darasi na biyu ya fi wuya. Wasunmu sun riga sun faɗi, amma sun ƙi saki. Bashin caca ne, ko ƙwaya, ko wata hulɗa ta ɓoye, ana jan su kai a cikin ruwa, suna zuwa majami'a da murmushi don kada a ce wane ya faɗi. Tsoronsu irin na ɗan'uwanmu ne: in na furta, za a tafi a bar ni. Labarin Bitrus ya nuna mana Ubangiji yakan kewayo. Mu kuma da ke bakin ruwa, sai mu tambayi kanmu ko dariyarmu da gulmarmu ce ke sa ɗan'uwa ya gwammace ya nitse da ya ce ya kasa. A ranar nan, zugarmu ce ta mai da shi ruwa karo na bakwai.

Ɗan'uwan ya warke sarai, kuma shi ya ce a rubuta wannan. Allon yana jingine a ɗakin ajiyar majami'a. Zumunta ta yanke cewa kafin a sake taɓa shi, sai sha biyar ɗin nan sun koyi iyo, kuma babu mai zuwa dam shi kaɗai ko ba riga.

A wannan mako, kowa ya nemi mutum ɗaya da ya amince da shi, Fasto ko dattijo ko wata uwa a ikilisiya, ya gaya masa igiyar da ta daɗe tana jan sa.

Mu yi addu'a: Ya Uba, mun gaji da ƙoƙarin ɗaga kanmu. Ka koya mana miƙa hannu da jiran lokacinka. Wanda ya faɗi a cikinmu, ka ba shi ƙarfin halin saki, ka kuma mai da mu masu jawo shi, ba masu dariya ba. Ka sa wa Baba mai jirgi da iyalinsa albarka, ka tsare dukan masu neman abinci a kan ruwa. A cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.