Abin Da Na Gano A Kasuwar Kwamfuta Ta Ikeja

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana malaman makaranta labarin tafiyata Ikko, domin masu magana sun ce gani ya kori ji.

Cikin hutun da ya wuce na sauka wurin wani ɗan'uwana a Agege. Da gari ya waye ya ce in zo mu tafi Ikeja in ga kasuwar kwamfuta ta titin Otigba. Wurin nan da unguwar zama ce. Cikin shekarun 1990 kantuna suka fara cinye gidaje, da wayar hannu ta zo Nijeriya a 2001 kuwa sai abin ya bunƙasa. Yanzu sama da ƙasa duk kanti ne, ga ƙugin janareta, ga 'yan kiran ciniki suna jan hannun rigarka.

Muka ratsa wani lungu, muka tarad da rumfar wani mai gyara. Na ga yaro wanda bai fi shekara goma sha biyar ba ya kwance wata kwamfuta, ya jera kusoshinta cikin murfin gwangwani. Na tambayi maigidan, ba ya tsoron yaron ya ɓata wa mutane kaya? Ya yi dariya, ya ce ba a fara koyo da kayan mai kaya, sai da matacciya, wadda in ta lalace ba wanda zai kai ƙara. Ya nuna mini cewa da yawa ciwonsu kaɗan ne: ko ƙura ta toshe fanka, ko ɗan batirin ciki ya mutu, ko ƙwaƙwalwar ta goce daga mazauninta. Sau da yawa, in ji shi, akan haɗa matattu uku a ta da ɗaya.

Nan fa jikina ya yi sanyi, don na tuna da siton makarantarmu. Kwamfuta fiye da ashirin ke jibge ciki, gizo-gizo ya yi musu saƙa. Ba mai ikon taɓa su, gama suna cikin littafin kaya, kowa na tsoron ranar bincike. Mu kuwa muna zana wa yara surar kwamfuta a allo da alli, su haddace sunayen abin da ba su taɓa riƙewa ba. Ashe wannan ba hasara ba ce?

Ga shi kuwa tsofaffin sai ƙaruwa za su yi. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya janye hannunsa daga kula da Windows 10, kwamfutoci masu yawa kuma ba su iya ɗaukar Windows 11. Amma akwai Linux, wanda ake samu kyauta, yana da irin da ke tafiya sarai a kan tsohuwar na'ura. Lissafin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na kayan lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai rubu'i ba. Saura da yawa yakan ƙare a juji, inda yara ke ƙona waya don neman jan ƙarfe, suna shaƙar hayaƙi mai guba.

Sai dai a yi hattara. Gilashin tsohon allon nan mai ƙeya yana da dalma, fitilun waɗansu allunan na da zaiba, akwatin da ke raba wuta kuma yakan riƙe lantarki ko an zare waya. Waɗannan kada yaro ya buɗe su.

Saboda haka ina roƙon hukumomin ilmi su ba shugabannin makarantu izini a rubuce, a fito da matattun nan a mai da su kayan koyo. Tebur da sukurdireba da na'urar awon wuta sun isa farawa. Masu koyarwa kuwa ba sai an je Ikko ba, ga gwanayen gyara nan a Farm Centre ta Kano, a riƙa gayyato su sau ɗaya a mako. Da tsohuwar zuma ake magani. Yaron da ya ta da kwamfuta da hannunsa, ko bai sami aikin ofis ba, ba zai rasa na tuwo ba.

Allah ya sa manya su ji. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta, Kano.