Kalma Ɗaya a Bakin Tafinta

A shekarar 1978 aka ɗauke shi aikin tafinta a wata kotun majistare a birnin Sakkwato, da takardar gama sakandare a hannu, yana kuwa ganin Turanci ya zauna masa a baki. Ba a yi mako guda ba ya gane cewa Turancin kotu wani harshe ne dabam, wanda ko malamin da ya koya masa nahawu sai an yi masa ja-gora a cikinsa.

Shi ba baƙo ba ne ga shari'a. A zauren mahaifinsa ya sauke Risala, ya kuma taɓa Tuhfa, saboda haka ya san da'awa da bayyina da iƙirari da i'izari tun bai san ƙofar kotu ba. To, amma dokar da ake aiki da ita a gaban majistare ba daga nan ta fito ba. Final Kod ce ta 1960, wadda aka kwaikwayo daga ta Sudan, ita kuma ta Sudan daga ta Indiya ta 1860. Watau kalmomin sun sha tafiya kafin su iso bakin Rima.

Sai ya sayi littafin rubutu ya tsaga kowane shafi gida uku: Turanci, Larabci, Hausa. Wasu kalmomi ba su ba shi wahala ba, domin jama'a sun riga sun hausantar da su, kamar beli da sammaci da lauya. Wasu kuwa suka ƙi zama. Alal misali tunzuri, wanda a dokar Turawa kan sauke kisa daga matsayin ganganci, alhali bai tarar da wannan rangwame a karatun zaure ba. Wani tsohon magatakarda ne ya ba shi labarin shari'ar Tsofo Gubba ta 1947, inda kotun Sarkin Gwandu ta yanke hukuncin kisa, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta rushe shi a kan wannan batu.

Amma kalmar da ta kusa kayar da shi gajeruwa ce, "gilti". A littafinsa ya rubuta mata "ya aikata", ya wuce.

Ran nan aka kawo wani dattijo manomi daga ƙauye, ana tuhumarsa da yi wa mutum rauni. Aka karanta tuhuma, tafinta ya ce, "Baba, ka aikata ko ba ka aikata ba?" Dattijo ya ce, "Awo, ni nib buga mai sanda." Nan take tafinta ya juya ya ce gilti. Majistare ya duƙa zai rubuta, sai ya lura bakin tsohon bai daina motsi ba. Ya tambaya me yake cewa. Ashe cewa yake yi mutumin ne ya fara zaro masa wuƙa a gonarsa.

Gumi ya karyo wa tafinta. Dokar da kanta ta ba mutum haƙƙin kare kansa, don haka amsa bugu dabam, amsa laifi dabam. Da alƙalamin nan ya sauka, da tsoho ya tafi gidan yari a kan iƙirarin da bai yi ba, ba tare da an kira sheda ko ɗaya ba. Majistare bai yi faɗa ba. Ya ce a rubuta bai amsa laifi ba, ya dubi tafinta ta saman tabarau, duban da ya fi faɗan zafi.

Daren nan ya soke fassarar. Ya gwada "mai laifi", ya ga baƙauye mai ladabi kan ce "na yi laifi" don kawai a huce. Ya gwada "iƙirari", ya ga sai malamai za su fahimta. Daga ƙarshe ya haƙura da neman kalma guda, ya rubuta jimla: ka yarda ka yi abin, kuma ba ka da wata hujja da za ta wanke ka? Lauyoyi sun yi ta ƙorafi wai yana ja musu lokaci. Har ya bar aiki, da wannan jimla yake tambayar duk wanda aka tsayar a akwati, sa'an nan ya jira sai bakinsa ya rufe kafin ya juya wajen majistare.