Hawa Ba Dalili

A ƙasar Hausa dutse ya daɗe yana zama mafaka. Kano ta tsiro ne a gindin Dala, Zazzau na da Turunku da Kufena, mu kuma Zamfarawa muna da Kwatarkwashi, wanda ke tsaye kusa da Gusau a kan hanyar Funtuwa. Kakanninmu sun riƙa hawa don su hango ƙurar mahara tun daga nesa, su ɓoye mata da yara da hatsi. Wanda ya hau dutse a wancan zamani yana da dalili, kuma sau da yawa dalilin tsoro ne.

Ni ɗan fadama ne. Mahaifina mutumin Bakura ne, mahaifiyata ’yar Maradun, a Talata Mafara kuma na tashi, inda ido ke tafiya a kan gonakin shinkafa har ya gaji. Tudu mafi tsawo da na sani ina yaro shi ne gangar madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato. Da Sallah mukan yi ayari mu je, mu haura da gudu, mu tsaya muna haki muna kallon ruwan da aka tsara madatsar ta riƙe, mita kubik miliyan 450, da masunta a cikin kwale-kwale kamar ƙudaje a kan faifai. Sai da na girma na san cewa a ƙarƙashin ruwan akwai gonaki da kufai, kuma a Afrilun 1980 an zubar da jinin manoman da suka nemi diyya. Daga sama komai lumui yake. Wannan shi ne darasin farko da tudu ya koya mini.

Hidimar ƙasa ce ta kai ni Jihar Kuros Riba bayan na gama digiri. A can na ga tsaunin Obudu, wanda ya haura mita 1,500, kusa da iyakar Kamaru. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka kafa masa motar igiya: akwatuna masu tagogi da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe mai tsawon kimanin kilomita 4, inji na jan su daga gindin tsauni zuwa ƙololuwa. Hanyar mota kuwa kilomita 11 ce, tana nannaɗe kamar maciji, a kanta aka riƙa yin tseren gudun hawan tsauni da ya yi suna. Mu takwas muka zaɓi bin ta da ƙafa.

Mun tashi bayan Asuba. Kafin kwana ta biyar cinyoyina sun fara zafi, numfashina ya koma na mai ciwon ƙirji. Turakun igiyar na tsaye a kan kwaruruka, suna tuna mana cewa abin da muke saye da gumin sa’o’i ana iya samunsa cikin mintuna. Amma ƙafa na da nata rabon. Na ji lokacin da iskar ta sauya daga ɗumi zuwa sanyi mai ratsa riga, na ga inda kurmi ya ƙare ciyawa ta karɓa, na ga hazo ya taso daga ƙasa ya lulluɓe mu har ban iya ganin wanda ke gabana. Da ya yaye, sai ga shanu na kiwo a kan tudu, gajimare a ƙarƙashinsu.

Da dare na kira gida, aka miƙa wa kakata waya. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “To, mi kas samo can bisa?”

Na ce, “Ba komai, Inna. Kallo kawai.”

Ta yi shiru, ta ce, “Lalle garinsu lafiya lau.”

Maganar ta fi hawan nauyi, domin na san abin da ke bayanta. A ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ’yan mata 279 daga makarantar Jangebe, a ƙaramar hukumarmu. A Agusta aka shiga Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, a farkon Satumba aka ɗauki ɗalibai 73 a Kaya ta Maradun. Kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe layukan waya a faɗin jihar. A makonnin nan ni ma na hau tudu, wayata a ɗage sama, ina farautar layin da iska za ta kwaso daga wajen Sakkwato don in ji ko ɗan’uwana ya isa Zariya. Hawan kakanninmu ne ya dawo, da sabon kaya a hannu.

Ƙanwata tana da shekara goma sha biyu. Ba ta taɓa zuwa Bakolori yawon Sallah ba, Kwatarkwashi kuma ta tagar mota take ganinsa, direba na sauri kada Magariba ta riske mu a hanya. A wurinta dutse da daji wuraren da ake kai mutane ne. Wannan asara ba ta shiga lissafin shanun da aka kora ko kuɗin fansa, amma asara ce: yaro ya girma bai taɓa ganin garinsu daga sama ba, bai san girman abin da ake ce masa ya so ba.

Ba motar igiya nake roƙa wa Zamfara ba. Rijiyar burtsatse da asibiti sun fi ta gaggawa. Abin da nake so ya fi ta araha, ya kuma fi ta wuyar samu. Ina son ranar da malamin firamare a Mafara zai cika mota da ɗalibai, da gorar ruwa da ƙunshin ƙuli-ƙuli, su nufi Kwatarkwashi, iyaye su sa hannu ba tare da gabansu ya faɗi ba. A ranar za mu san lafiya ta dawo, tun kafin rediyo ya sanar.