Gasar da Kowa ne Alƙalin Kansa

Duk wasan da muka taso da shi, daga langa har ƙwallon ƙafa, da wuya a tashi ba a yi musu ba, shi ya sa ake nemo alƙali a ba shi usur. Amma akwai wasan da mutum ke ƙirga bugunsa da kansa, shi ne golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu.

Sa'ad da nake karatu a ƙasar Sikotilan na shiga wata gasa ta 'yan sha'awa, wato waɗanda ba sana'arsu ba ce, a wani fili na gaɓar teku a yankin Fife, kusa da garin St Andrews. A can wasan nan ya yi jijiya, har Sarki James na Biyu ya hana shi a 1457 don yana ɗauke wa samari hankali daga koyon harbin baka. A St Andrews kuma aka rage ramukan fili daga 22 zuwa 18 a 1764, duniya ta bi.

Irin filin nan rairayi ne da ciyawa ta rufe, tsakanin teku da gonaki. Babu itatuwa, sai tuddai da ƙaya da ramukan yashi masu zurfi. Iska ce sarauniya. Wanda ya ɗaga ƙwallo sama ya ba ta kyauta, saboda haka gwanaye ƙasa-ƙasa suke bugawa, su bar ta ta gangara.

Aka haɗa ni da wani dattijo mai kimanin shekara 70, tsohon masunci. Na riƙe katinsa, ya riƙe nawa, kamar yadda doka ta ce. A rami na 14 ƙwallonsa ta faɗa cikin doguwar ciyawa a bayan tudu, inda ba na ganinsa. Da ya fito sai ya ce, "Ɗan samari, rubuta mini shida, ba biyar ba. Da na ajiye sanda a bayan ƙwallon, ta motsa." Hukuncin wannan bugu ɗaya ne. Ba wanda ya gani sai shi da Mahaliccinsa. Da yamma aka tara lissafi, bugun nan ɗaya ne ya raba shi da kofin ajinsa. Ya tafa wa mai nasara, ya ci gaba da shan shayinsa.

Al'ada ce tsohuwa. A 1925, a gasar Amurka ta kowa-da-kowa, Bobby Jones, wanda shi ma ɗan sha'awa ne, ya yanke wa kansa irin hukuncin nan, aka yi kunnen doki, aka sake karawa, kofi ya kuɓuce masa.

Ni dai na ƙare can ƙasa-ƙasa, amma tun daga ranar nake tambayar kaina: mu ɗalibai, in mai tsaron jarrabawa ya fita minti biyar, mutum nawa ne idonsa zai tsaya a kan takardarsa? Gobe mu ne za a danƙa wa baitulmali da kotu da asibiti, inda sau da yawa ba mai leƙawa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, amin.